Makomar Turamen Haƙori Idan Ciwon Dasashi Ya Yi Nisa

Gabatarwa

A cikin haƙora 32 da ke bakin baligi, guda 12 manyan turame ne, wato uku-uku a kowane lungu na muƙamuƙin sama da na ƙasa. Haƙoran gaba su ne ke gatsa, fiƙoƙi su yaga, turame kuwa su niƙe abinci har ya yi laushin haɗiya. Turmin farko yakan fito yaro yana da kimanin shekara 6, na biyu a wajen shekara 12, na uku kuwa, wanda ba kowa ne ke fitar da shi ba, yakan bari sai tsakanin shekara 17 da 25. Ke nan turmin farko na iya yi wa mutum aiki fiye da shekara 60 idan an kula da shi.

Duk da girmansu da ƙarfinsu, turame su ne haƙoran da aka fi rasawa idan ciwon dasashi ya tsananta. Ciwon kuwa ya game duniya. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, an ƙiyasta cewa ciwon dasashi mai tsanani yana tare da kimanin kashi 19 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Saboda haka kowace rana likitocin haƙori na fuskantar tambaya ɗaya daga bakin marasa lafiya: tun da ciwon ya kai gindin turmi, shin a cire shi a huta, ko kuwa yana da sauran kwana? Masana sun shafe shekaru masu yawa suna bin diddigin dubban haƙora domin amsa wannan tambaya.

Yadda haƙori yake kafe a baki

Abin da ido ke gani na haƙori kansa ne kawai. Saiwarsa tana nutse cikin rami a ƙashin muƙamuƙi. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai dubban siraran zarurruka masu ƙwari waɗanda suka ɗaure su tare, kamar yadda igiyoyi ke riƙe da dirkar tanti. Waɗannan zarurruka su ne ke shanye nauyin tauna, kuma ta hanyarsu ne mutum yake jin ɗan tsakuwa a cikin shinkafa tun kafin ya fasa haƙori. Daga sama dasashi ya lulluɓe ƙashin, ya kewaye wuyan haƙori. A inda dasashi ya haɗu da haƙori akwai wani ɗan kwari wanda zurfinsa a lafiyayyen baki bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. A cikin wannan ɗan kwari ne ciwon yake farawa.

Yadda ciwon yake farawa da yadda yake ci gaba

Sa'o'i kaɗan bayan an goge baki, wata dauɗa mai yauƙi takan soma taruwa a jikin haƙori. Akasarinta ƙwayoyin bakteriya ne masu rai. Idan ba a kawar da ita ba, sinadaran da ke cikin yawu sukan ƙandarar da ita ta zama tsatsa mai tauri, wadda asuwaki ko buroshi ba sa iya cirewa. A shekarar 1965, Harald Löe da abokan aikinsa a garin Aarhus na ƙasar Denmak suka nemi wasu 'yan sa kai masu lafiyayyen dasashi da su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya yi ja ya kumbura. Da suka koma ga gogewa, cikin kimanin mako guda kumburin ya saɓe. Wannan gwaji ya tabbatar da cewa dauɗar ce sanadi, kuma a wannan mataki na farko ciwon yana warkewa sarai.

Mataki na biyu shi ne mai ɓarna. A jikin wasu mutane, yaƙin da garkuwar jiki ke yi da bakteriya yakan wuce gona da iri, har ya riƙa cinye zarurrukan da ƙashin da ke riƙe da haƙori. Ɗan kwarin nan sai ya yi zurfi ya zama aljihu na milimita 5 ko 6 ko fiye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar aljihun ya samu, bakteriya sun sami maɓoyar da abin goge baki ba ya kaiwa. Alamomin su ne jini a lokacin goge baki, da warin baki, da ja da bayan dasashi, da fitar mugunya, sa'an nan daga ƙarshe haƙori ya soma girgiɗi. Haɗarin ciwon shi ne galibi ba ya zafi sai ya yi nisa. Ƙashin da ya cinye kuwa ba ya komawa da kansa.

Saurin ciwon ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Daga shekarar 1970, Löe da tawagarsa suka shafe shekara 15 suna duba bakin ma'aikata 480 na gonakin shayi a ƙasar Siri Lanka, waɗanda ba su taɓa ganin likitan haƙori ba, kuma ba su da al'adar goge baki. Kusan dukkansu bakinsu cike yake da dauɗa da tsatsa. Amma sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna sun kasu gida uku. Kimanin kashi 8 cikin ɗari ciwon ya cinye su da sauri, har a shekara 40 sun rasa haƙora wajen 20. Kashi 81 ya bi su a hankali. Kashi 11 kuwa bai wuce kumburin dasashi ba. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, dauɗa ce ke kunna ciwon, amma yanayin jikin mutum ne ke nuna iyakar ɓarnar da zai yi.

Abin da ya sa turmi ya fita daban

Haƙorin gaba saiwa ɗaya gare shi, kamar turke. Turmin ƙasa galibi yana da saiwa biyu, na sama kuwa uku. Saiwoyin sukan fito daga gangar jiki guda sa'an nan su rabu, tamkar gwafar da aka kifa. A lafiyayyen baki, tsakanin wannan gwafa cike yake da ƙashi. Yawan saiwa shi ne ke ba turmi ƙarfin jure tauna. Amma idan ciwo ya ci ƙashi har ya sauko wurin da saiwoyin suka rabu, sai wani kogo ya buɗe a ƙarƙashin haƙorin, mai lunguna da kwazazzabai.

Tsabtace wannan kogo yana da wuya ko ga likita. A shekarar 1979 wani masani mai suna Bower ya auna ƙofar gwafa a turamen farko da aka cire, ya tarar kashi 81 cikin ɗari faɗinsu bai wuce milimita 1 ba, kashi 58 kuwa bai wuce milimita 0.75 ba. Wato fiye da rabinsu sun fi bakin ƙarfen da ake kankare saiwa da shi ƙunci. Bugu da ƙari, turame suna can ƙuryar baki inda hannu da ido ba sa kaiwa sosai. Turmin sama ya fi wahala, domin biyu daga cikin ƙofofin gwafarsa uku suna fuskantar haƙoran da ke maƙwabtaka da shi ne.

Likita yakan gane nisan ɓarnar da wani siririn tsinken awo mai lanƙwasa da kuma hoton ƙashi. A 1975, Hamp da Nyman da Lindhe na ƙasar Suwidin suka kasa ta daraja uku, kuma har yau ana amfani da wannan rabo. A daraja ta ɗaya, tsinken yana shiga gwafar ta gefe amma bai wuce milimita 3 ba. A ta biyu ya wuce milimita 3 amma bai ɓulla ba. A ta uku kuwa yakan shiga ta wannan gefe ya fito ta wancan, alamar ƙashin tsakiya ya ƙare.

Abin da nazarin shekaru masu yawa ya nuna

A da, likitoci da yawa sun ɗauka cewa turmin da ciwo ya shiga gwafarsa ya gama yawo. Nazarin da ya fi sauya wannan ra'ayi shi ne wanda Leonard Hirschfeld da Bernard Wasserman suka buga a 1978. Sun sake duba mutum 600 da aka yi wa maganin ciwon dasashi a birnin Niyok na Amurka, waɗanda suka ci gaba da komawa ana kankare musu haƙora duk bayan 'yan watanni, na tsawon shekara 22 a matsakaicin lissafi. Daga cikinsu, mutum 300 ba su rasa ko haƙori ɗaya ba saboda ciwon. 199 sun rasa ɗaya zuwa uku. 76 sun rasa huɗu zuwa tara. 25 kuwa sun rasa 10 zuwa 23.

Game da gwafa, tun farko an ƙirga haƙora 1,464 da ciwo ya shiga tsakanin saiwoyinsu. An rasa 460, wato kimanin kashi 31 cikin ɗari. Sauran 1,004 suna nan a baki bayan wannan dogon lokaci. Wani abin lura shi ne, 240 daga cikin 460 ɗin sun zube ne daga bakin mutum 101 kacal, waɗanda ciwon ya fi yi wa ƙarfi. Sauran mutum 499 suka raba 220 a tsakaninsu. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani daga baya a Siri Lanka: 'yan tsiraru ne ke ɗaukar mafi yawan asara.

A wannan shekara ta 1978, Ross da Thompson suka ba da rahoton turamen sama 387 masu ciwo a gwafa, a bakin mutum 100, waɗanda aka bi na tsawon shekara 5 zuwa 24. Guda 341, wato kashi 88 cikin ɗari, suna nan suna aiki. Amma ba kowane nazari ne ya zo da labari mai daɗi haka ba. A 1982, McFall ya bi mutum 100 na kimanin shekara 19, ya tarar an rasa fiye da rabin haƙoran da ciwo ya shiga gwafarsu. A 2016, Luigi Nibali da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarce da dama wuri guda, suka kai ga matsayar cewa shigar ciwo cikin gwafa tana ninka haɗarin rasa turmi kamar sau biyu cikin shekara 10 zuwa 15, haɗarin kuma yana ƙaruwa daga daraja ta ɗaya zuwa ta uku. Duk da haka, akasarin irin waɗannan turame sun daɗe a baki muddin ana kula da su.

Hasashen likita ma yana da iyaka. McGuire na birnin Hustan a Amurka ya gwada hasashen da aka yi wa haƙoran mutum 100 da abin da ya auku bayan shekara 5 zuwa 8, ya fara buga sakamakon a 1991. Ga haƙoran da aka ce makomarsu mai kyau ce, hasashen ya yi daidai galibi. Ga waɗanda aka yi shakka a kansu kuwa, dacewar ba ta wuce kamar rabi ba, kuma masu saiwa da yawa sun fi wuyar hasashe. Shi ya sa ƙwararrun likitoci ba sa gaggawar yanke wa turmi hukunci a ganin farko. Sukan fara magani, su jira makonni, su sake awo.

Abubuwan da ke tsawaita kwanan turmi ko su gajarta shi

Na farko shi ne nisan ɓarnar a ranar da aka fara magani. Turmin da ke daraja ta ɗaya, bayan an kankare shi, makomarsa ba ta da nisa da ta wanda ciwo bai shiga gwafarsa ba. Na daraja ta uku, musamman na sama, mai girgiɗi da ɗan guntun ƙashi, shi ya fi kusa da zubewa.

Na biyu shi ne shan taba. Hayaƙinta yana raunana fararen ƙwayoyin jini, ya hana rauni warkewa da wuri. Yana kuma rage zubar jinin dasashi, ta yadda mashayi ba ya ganin alamar farko da za ta sa ya nemi magani.

Na uku shi ne ciwon sukari. Idan sukari ya yi yawa a jini, ciwon dasashi yakan tsananta, shi kuma kumburin dasashi yakan sa sukarin ya yi wuyar daidaitawa. An gano cewa maganin dasashi yana ɗan sauko da ma'aunin sukari na jini na tsawon 'yan watanni. A taron da ƙungiyoyin likitocin dasashi na Amurka da na Turai suka yi a birnin Shikago a 2017, an tsara sabon rabo na ciwon zuwa matakai huɗu. Duk wanda gwafar turminsa ta kai daraja ta biyu ko ta uku, ya shiga mataki na uku ko na huɗu. Mai shan sigari kara 10 ko fiye a rana, da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, an sa su cikin rukunin waɗanda ciwon ke ci da sauri.

Na huɗu, wanda ya fi zama a hannun mutum, shi ne tsabtar yau da kullum da komawa wurin likita a kan kari. A garin Karlstad na Suwidin, Per Axelsson da abokansa suka koya wa wasu manya yadda ake tsabtace haƙora da tsakankaninsu, suka riƙa kiransu ana duba su lokaci-lokaci tun daga farkon shekarun 1970. A rahoton 2004, bayan shekara 30, mutum 257 da suka rage sun rasa haƙora 21 ne kawai gaba ɗayansu saboda ciwon dasashi ko ruɓewa. Ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, likitoci sukan so ya koma duk bayan kimanin wata uku zuwa shida, domin bakteriya sukan sake cika aljihun cikin 'yan watanni.

Hanyoyin magani

Matakin farko ga kowa iri ɗaya ne: a koya wa mara lafiya tsabtace bakinsa, sa'an nan a kankare tsatsa da dauɗa daga jikin saiwa har ƙarƙashin dasashi, galibi bayan allurar kashe zafi. Ana yi da ƙarafan hannu ko da na'ura mai karkarwa wadda siririn bakinta ya fi shiga gwafa. Shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da kankara ba ba ya warkar da ciwon, domin dauɗar tana kare bakteriyan da ke cikinta.

Idan aljihu bai rufe ba, sai a koma ga tiyata. Likita na iya ɗaga dasashi ya tsabtace saiwa yana kallonta. Tun daga 1982, lokacin da Nyman da abokansa suka nuna cewa za a iya shimfiɗa wani tantani a kan saiwa domin ba zarurruka damar sake tsirowa, ake ƙoƙarin maido da abin da ciwo ya ci. Wannan dabara ta fi yin nasara a daraja ta biyu, musamman a turmin ƙasa. A daraja ta uku ba kasafai take cika kogon ba. A nan akan buɗe kogon sosai ya zama hanya da ɗan ƙaramin buroshi zai riƙa ratsawa kullum, ko da yake saiwar da ta fito fili tana saurin ruɓewa idan ba a kiyaye ba. Wata hanyar ita ce a yanke saiwar da ta fi lalacewa a bar sauran, bayan an cire jijiyar haƙorin an cike gurbinta. Sakamakon wannan ya danganta da ƙwarewar likita, kuma sau da yawa abin da ke kawo ƙarshen irin wannan haƙori shi ne tsagewar saiwar da ta rage.

A cire ko a bari?

Akwai lokacin da cirewa ta fi. Idan turmi yana girgiɗi har tauna ta gagara, ko yana yawan tara mugunya duk da magani, ko saiwarsa ta tsage, ko ciwonsa yana cin ƙashin lafiyayyen haƙorin da ke kusa da shi, barinsa ƙarin ɓarna ne. Amma cirewa ma tana da nata farashi. Ƙashin wurin yakan motse, haƙorin maƙwabta na iya karkata zuwa giɓin, na ɗaya muƙamuƙin kuma ya zazzago. Haƙorin roba ba ya tauna kamar na halitta. Dasa ƙusar ƙarfen titaniyam a cikin ƙashi, wadda Brånemark ya fara yi wa ɗan Adam a Suwidin a 1965, hanya ce mai kyau amma tana da tsada, tana buƙatar isasshen ƙashi, kuma ita ma tana kamuwa da irin wannan kumburi, musamman a bakin wanda ya taɓa yin ciwon dasashi. Saboda haka turmin da aka iya riƙewa ƙarin shekara 10 ko 15 riba ce ga mai shi.

Kammalawa

Turmin da ciwon dasashi ya shiga tsakanin saiwoyinsa yana cikin haɗari fiye da sauran haƙora, kuma ƙashin da ya tafi ba kasafai yake dawowa ba. Amma alƙaluma sun nuna cewa a bakin mutanen da suka sami magani, suka kuma ci gaba da kulawa, kimanin biyu cikin uku na irin waɗannan haƙora sun kai shekara 20 da ɗoriya suna aiki. Abin da ke raba mai riƙewa da mai rasawa shi ne zuwa asibiti da wuri, da barin taba, da daidaita sukari, da tsabta ta kowace rana.

Ga ɗalibai, amfanin wannan bayani yana farawa tun yanzu, domin turamen da za su ci abinci da su a tsufa sun riga sun fito. Goge baki sau biyu a rana, da buroshi ko da asuwaki, ya kamata ya bi layin da dasashi ya haɗu da haƙori har zuwa turmin ƙarshe, ta waje da ta ciki. Tsakankanin haƙora kuwa sai da zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshi, tun da asuwaki da babban buroshi ba sa shiga can. Dasashi mai lafiya ba ya jini. Duk wanda ya ga jini yana maimaituwa a tofinsa bayan goge baki, ko ya ga haka ga iyayensa, ya kamata a je wurin likitan haƙori tun ciwon yana matakin da ke warkewa cikin mako guda.